Akuyar da Muka Ɗauko Daga Adabka

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Anka daga Gusau, ni da wata ƙawata da ta yi ritaya daga aikin jinya. Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka: ɗiyarta Hafsatu, 'yar shekara biyu, tamowa ta fara kama ta. Hanya ba laifi, sai dai shingen jami'an tsaro bini-bini, ga direbanmu kuma bai san birki ba. Duk wanda ke cikin motar bakinsa na motsi da addu'a.

Muna isa muka ɗauki Hafsatu da uwarta muka wuce asibitin da ake auna yara. Mata sun cika rumfa, kowace da nata a goye. Ana zagaya dantsen yaro da wani ɗan maɗauri mai kala uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Hafsatu na kan rawaya. Ma'aikacin ya ce mana ƙasashen wajen da ke aiko da madarar gyaɗar nan ta leda sun janye hannu, sun ce su ma abinci ya yi musu tsada. Ɗan abin da ya rage na masu ja ne kawai. Ban ga laifinsa ba, idonsa ma ya nuna abin na damunsa.

A gida ne raina ya ɓaci. Ƙanwata ta ce, "Yaya, maƙwabta sun ce in ƙyale ta ta ƙara ramewa, in ta kai ja sai a ba mu." Wallahi nan take na ce mata muddin ina numfashi ba za a yi wa yarinyar nan haka ba.

Washegari ni da ƙawata muka nufi Gummi sayen hatsi. Kasuwa cike take da hatsi, kuɗin saye ne babu. Tiyar waken suya ta yi tsadar da sai da na sa mai awo ya maimaita. Muka sayi gero da gyaɗa da waken, ƙawata ta ce a soya a niƙa, garin kunu ke nan. Muka ci waina da miyar taushe a tsaye. Ƙawata ta ce saura nono, don kunu zalla ba zai tayar da yarinyar da wuri ba.

Sai muka hau babura zuwa Adabka a ƙasar Bukkuyum, inda Innarmu take. Hanyar nan duk wanda ya bi ta da ƙoshi zai isa da yunwa. Inna na jin bayani ta yafa gyale ta ja mu rugar wata tsohuwar aminiyarta Bafulatana, wadda suka shekara talatin suna musayar nono da gero. A zamanin nan da Bahaushe da Bafulatani ke kallon juna da gefen ido, na shiga rugar gabana na faɗuwa.

Tsohuwar ba ta bari Inna ta ƙarasa yi mata bayani ba. Ta shiga garke ta jawo jar akuya mai shayarwa, ɗanta na biye. Ni kuma da rawar kaina irin ta mutanen birni na zuge jaka na ce nawa za a ba ta. Nan take fuskarta ta canza. Inna ta mintsine ni a cinya.

"Ke ɗiyag ga, mi kika ɗauke ni?" in ji tsohuwar. "Wagga ba ta saidawa ba ta. Haɓɓanaye ta. Ku tai da ita, ku sha nono, in ta haihu ɗiyan naku na. Uwar kaɗai za ku maido min, in wani ya rasa in ba shi."

Kunya ta rufe ni, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ashe haka suke yi tun kaka da kakanni idan na kusa ya shiga wani hali.

Dawowa da akuya a kan babur kuwa sai wanda ya gani. Ta yi kuka tun daga Adabka har bakin titi, ta kuma yi wa sabuwar atamfata wanka da fitsari, ƙawata na ta ƙyalƙyala dariya.

Da yamma a Anka aka tatsa, aka tafasa, aka dama kunu. Hafsatu da ta kwana biyu tana ture cokali ta kurɓa sau ɗaya, ta ƙara, sannan ta riƙe kofin da hannu bibbiyu ta ƙi saki. Uwarta ta juya baya tana share hawaye.

Na dawo Gusau jiya, jikina duk ciwo amma zuciyata fes. Na san akuya ɗaya ba za ta ceci yaran da na bari a rumfar nan ba, masu ja dole sai asibiti, kuma ina roƙon Allah ya dawo musu da maganinsu. Amma na koyi cewa kafin mu zauna jiran jirgi daga wata ƙasa, akwai ƙofofin da muka daina ƙwanƙwasawa a nan kusa. Ɗazu ƙanwata ta kira, wai Hafsatu ta farka tun da sassafe tana kukan yunwa. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na yau ba.