Tsamiyar Rabe Mai Shamuwa

Idan ka shiga Birchi ka ce Malam Rabe kake nema, sai an tambaye ka wane Raben. Amma ka ce Rabe mai shamuwa, har ƙofar gidansa za a raka ka. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a gefe, sai dai Allah ya ba shi abin da bai ba maƙwabtansa ba, wato wata tsamiya a bayan gida, wadda ko kakansa a tsaye ya same ta. Kowace shekara, idan zafin bazara ya kai inda ya kai, shamuwa kan sauka a kanta su gyara tsofaffin sheƙunansu. Daga ranar mutanen unguwa suke fara fiddo iri daga rumbu. Ba wanda yake jifan shamuwa a garin, kuma gidan da ta zaɓa ana ganin sa da albarka. Rabe yana ji da wannan abu ƙwarai, ko da yake in ka yaba masa sai ya taɓe baki ya ce kashinsu ya ishe shi.

Da can mutum ne mai sakin fuska. Abin da ya canza shi ya faru shekara shida da suka wuce. Wani baƙo ya tsaya neman ruwan sha, ya zauna a inuwar tsamiyar, ya sha ya ƙoshi, ya yaba shanun huɗar Rabe guda biyu da ke ɗaure a wurin. Kwana huɗu bayan haka shanun suka bi ɓarayi. Ko baƙon yana da hannu, ko ba shi da shi, Allah kaɗai ya sani, amma Rabe ya riga ya yanke hukunci. Tun daga lokacin, ko mai tallan yadi ya yi sallama sai ya leƙa ƙarƙashin kayansa. Matarsa Batula takan ce da inuwarsa tana magana, da ita ma sai ta faɗi inda ta fito.

To, ana nan a ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyar da kai, shamuwa na shirin tafiya, sai wata tsohuwar jif ta sauka daga titin Dutsin-Ma da hantsi ta tsaya daidai bayan gidan. Rabe na gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanya. Kafin injin ya mutu ya riga ya ƙare wa motar kallo: tayoyi biyu a ɗaure a sama, shebur, tabarma, da jarkokin mai har huɗu. Jarkokin nan su suka tsaya masa a rai, don kowa a ƙasar ya san su wa ake kai wa mai a jarka cikin daji.

Wani dattijo mai furfura ya fito, mace na biye da shi da hular rana. Ya yi sallama da Hausa mai kyau irin ta mutanen kudancin Kaduna, ya ce sunansa Tomas, ya shekara talatin yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutsin-Ma, yanzu ya yi ritaya. Wannan matarsa ce, Felicity. Za su bi ta Katsina su haura Maraɗi, daga can su yi arewa har inda ciyawa take ƙarewa rairayi ya fara, da kansu, ba direba.

“Mi za ku yi can?” in ji Rabe, bai saki fartanyar ba.

“Kallon tsuntsaye, Malam, da ganin ƙasa.”

Rabe ya dube shi sama da ƙasa. A duniya ya ga mai neman kuɗi, ya ga mai neman magani, ya ga mai neman rigima, amma bai taɓa ganin magidanci da hankalinsa ya ƙona mai har Nijar don ya kalli tsuntsu ba. Ƙaryar ma, a ganinsa, ba a gyara ta ba.

Malam Tomas kuwa ko a jikinsa. Ya ɗauko madubin hangen nesa ya kafa a ido yana duban tsamiyar, bakinsa na motsi yana lissafa sheƙuna. Ta inda ya tsaya, madubin na iya kallon tsamiya, yana kuma iya kallon cikin gida ta saman danga, inda awaki suke da rumbuna biyu. Felicity na rubuta abin da yake faɗa a wani ɗan littafi. Sai ya ja da baya sosai ya ɗauki hoto. Daga nan ya yi abin da ya ƙarasa tayar wa Rabe da hankali: ya zo har gindin itacen, ya fiddo waya ya danna.

“Wannan kuma mi ne ne?”

“Alama na sa wa wurin, Malam. Ko bayan shekara goma, wayar za ta kawo ni daidai gindin tsamiyar nan.”

Ya faɗa da fara'a, kamar mai ba da albishir. Batula ta aiko musu da ruwa a kwanon sha, suka sha suka yi godiya. Har Malam Tomas ya kunna mota ya leƙo ta taga ya ce, “Allah ya ba ka dukiya a nan, Malam Rabe.” Kusan abin da wancan baƙon ya faɗa ke nan a kan shanu.

Kafin azahar Rabe yana gaban Almu, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya zayyana masa komai. Almu ya ce ya san malamin, ya koyar da ƙanensa, mutum ne kawai mai ɗan taɓin son tsuntsu. Rabe ya ce ai irin waɗanda aka sani su ake aikowa. Almu ya yi dariya ya ce za su sa ido, ya koma kan gyaran babur ɗinsa.

Kwana huɗu suka wuce ba abin da ya faru, sati biyu ma haka. Wani da hankalinsa ya kwanta, Rabe kuwa nasa sai ya ƙara tashi, ya ce jira suke a gama girbi. Ya daina zama a inuwar. Duk inda ya tsaya a gona, in ya waiwayo, tsamiyar ce abu na farko da yake hangowa, ta fi kowane itace tsawo a yankin, kuma abin da ya shekara hamsin yana alfahari da shi yanzu ya zame masa kamar yatsa mai nuna gidansa. Tsoro yake ji na gaske, ba don kansa ba, don Batula da jikokinsu da ke cikin gidan.

Bai taɓa itacen ba sai da shamuwa ta ƙarshe ta tashi, wannan kam a ba shi. Sannan ya je Kurfi ya kirawo masu injin yankan itace. Batula ta tsaya a bakin danga ta ce, “Malam, wayar ai ba itacen ta riƙe ba, wurin ta riƙe. Ko ka sare, gidan na nan inda yake.”

“Ke dai shiga ciki,” in ji shi.

Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi mata tsawa. Yini guda injin ya yi yana kuka. Da tsamiyar ta faɗi, sheƙunan suka tarwatse a ƙasa, kara da tsummoki da igiyoyin da tsuntsayen suka yi shekara da shekaru suna tarawa.

Rani ya zo ya wuce lafiya, ko akuya ba a taɓa masa ba. Rabe ya ce dabararsa ce ta yi aiki, wasu ma suka yarda. Sai bazara ta kai, ranar wata Laraba da safe shamuwa suka iso. Sun yi ta kewaya sararin da itacen yake a da, suna sauka ƙasa-ƙasa suna sake tashi. Ɗaya ta dira a kan kututturen ta tsaya ta daɗe. Kafin la'asar duk suka yi wajen Rawayau. A shekarar mutanen unguwa sai daga bakin 'yan kasuwa suka ji shamuwa ta sauka, kuma ba wanda ya ce wa Rabe uffan, abin da ya fi masa zafi ke nan.

Bayan kwana tara jif ɗin ta dawo. Malam Tomas ya fito da waya a hannu yana bin ta, taki ɗaya bayan ɗaya, har ya zo ya tsaya a gaban kututturen. Ya dubi wayar, ya dubi sama, ya sake duban wayar.

“Iska ce ta kayar da ita, Malam?”

“A'a.”

Felicity ce ta ce sun kai har cikin rairayi, sun ga tuddai da raƙuma da tsuntsaye iri-iri, amma duk tsawon hanyar ba su ga itace mai sheƙa goma sha ɗaya ba sai a nan. Tun a can maigidanta yake lissafin ranar da za su dawo su tarbi shamuwar. Ta koma mota ta ɗauko wani hoto babba a cikin gilashi, wanda suka wanko wa Rabe a Katsina, ta miƙa masa da hannu biyu.

Rabe ya karɓa. Halin mutum ba ya barin sa, sai da ya fara juya bayan hoton ya duba ko an rubuta wani abu. Ba komai sai kwanan wata. Sannan ya juyo gabansa. Ga tsamiyar nan cif, da ganyenta, da shamuwa baƙi da fari a kowane reshe. A can ƙasa, a cikin inuwar, ga wani ɗan mutum a zaune da fartanya a hannu, ya murtuke fuska yana hararar mai ɗaukar hoton.

Ya daɗe yana kallon mutumin nan. Rana ta take, kuma babu inda zai ce wa baƙin su zauna.

“Batula,” ya ce, “kawo masu ruwa. Ki shimfiɗa tabarma cikin zaure.”