Wayar Da Aka Juya

Shekara ashirin da huɗu Mai Sifika ya yi yana cusa kai cikin ƙofofin motocin mutane. Shagonsa ɗaki guda ne: benci, tsohon batirin mota, da sifikoki rataye a bango bisa girmansu, daga inci huɗu har zuwa masu ƙirar ƙwai da ake sawa bayan kujera. Ba abin da ke ɓata masa rai kamar mutum ya sayo inci shida da rabi alhali ramin ƙofarsa na inci biyar ne, sannan ya ce a yanke ƙarfe a cusa. "Takalmin uba kake son sa wa jariri," haka yake faɗa wa mai mota, ko da ya girme shi.

Sai dai kiɗan da ya ciyar da shi, shi ya cinye masa kunne. Na hagu ya mutu murus, na dama ma sai an ɗaga murya. Bai taɓa yarda ba, kullum cewa yake mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki. Matarsa ta gaji da kira sau uku kafin a waigo, ta kai wa yayanta kuka. Shi kuwa yayan, mai ɗakin ajiyar kaya, ya yanke hukunci: a rufe shago, Mai Sifika ya zo ya riƙe masa makulli. Wannan tayi ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da direbobi ke bin layi a ƙofarsa, shi zai koma buɗe wa 'yan dako ƙofa?

Wata safiya sai ga yayan da motarsa, ƙanwar tasa a gefe. An sa masa sabbin sifikoki a wani babban shago, amma kiɗan ya fito siriri, ba nauyi ko kaɗan.

"Masu kunne biyu sun duba sun rasa," in ji yayan da ƙarfi. "In ka gano, na bar maganar makulli. In ka kasa, ka biyo ni."

"Ai da nan ka fara zuwa, Yaya, da ba ka wahala ba," in ji Mai Sifika.

Ko rediyon bai kunna ba. Ya kwance murfin ƙofofin biyu, ya auna rami, ya ga girman daidai ne. Ya zaro rediyon, ya ɗauko ƙaramin batirin tocila, ya taɓa shi a wayoyin sifikar hagu. Takardar da ke fuskar sifikar ta yi tsalle waje. Ya taɓa na dama yadda ya taɓa na farko, sai takardar ta nutse ciki.

"Ga ɓarawonka nan. An juya waya. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, sai su cinye nauyin juna."

Ya sauya wayoyin, ya naɗe su, ya kunna. Ƙofa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin tafin hannunsa, yayan kuma ya saki baki yana gyaɗa kai. Aiki ya yi, kowa ya gani. Amma akwai siraran muryoyin da tafin hannu ba ya ji, kuma Mai Sifika bai taɓa sallamar mota bai tabbatar da su ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya juya wajen matarsa.

"Maman yara, shiga ki zauna ki saurara. Akwai karkarwa a saman muryar? Ni ba na jin can wurin. Na daɗe ba na ji."

Tausayinsa ya kama ta, don ta san irin nauyin da faɗin haka ya yi masa. Ta shiga, ta rufe ƙofa, ta saurari waƙar har ƙarshe. Da ta fito sai ta matso ta gefen damansa.

"Tas take, Baban yara. Gobe ƙarfe nawa kake buɗewa?"

"Takwas," ya ce. "Zan sa a gyara miki bencin nan."