Makullin Ɗakin Ƙasa

Har gobe ranar Talatar nan ba ta fita raina ba. Lokacin shekarata goma sha ɗaya ke nan ina shara a wata tsohuwar majami'a a Lyon, kullum daga Vaulx-en-Velin nake shigo motar bis. A ƙarƙashin majami'ar akwai ɗakin dutse, inda suka ce an binne Kiristocin farko. Masu ziyara kan zo daga ƙasashe su yi addu'a. Makullin ɗakin a hannuna yake, kuma a aikinmu mai makulli ita ce babba.

Sai shef, wato shugabarmu, ta kawo Rabi, mutuniyar garin Tawa, mai Faransanci kamar a rediyo. Wata guda kawai, aka karɓe makullin aka ba ta, wai ita ke iya amsa wa baƙi. Ni da na haddace bayanin masu zagayawa da su kaf, a kunne! Na yi dariyar yaƙe na ce barka.

Ranar Talatar, ana jiran baƙi ƙarfe goma, Rabi ta kira ni ta nuna wani tabo baƙi mai sheƙi a jikin ginshiƙi.

"Yaya Zainabu, wannan dattin, sinadarin wanki na zabel zai fid da shi?"

Na sani sarai ba datti ba ne. Wurin da masu ziyara ke ɗora hannu ne tun kakannin kakanninsu, busasshen ƙyalle kaɗai ake sa masa.

Na ce, "Ke mai makulli, ni jahila za ki tambaya?" Na haye sama.

Ta dirje shi da buroshi, ya yi fari fat. Da baƙi suka sauka, wata tsohuwa ta miƙa hannu, ta tsaya tana neman wurin.

Shef ta zo a fusace. "Ba ki tambayi kowa ba?"

Rabi ta dube ni, ta ce, "Ban tambaya ba, Madam."

Aka mai da ita sharar ofisoshi, aka maido mani makulli. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, har na dafa shinkafa da kaza. Yau Rabi ce shef a can, in na ji an yabe ta har yanzu nakan kau da kai. Amma in mun haɗu a kasuwa, ita ke fara gaishe ni.

Ku sabbin ma'aikata, aikin nan rabinsa sanin abin da ba a gogewa ne, kuma ba a rubuce yake ba, a bakin tsofaffi yake. Ku tambaya. In tsohuwa ta amsa muku da gatse, ku ajiye buroshi ku je ku tambayi wata.