Gonar Bukar da Yayana Ya Riƙe

Shekarar da aka raba mu da Kano aka ce mun zama Jigawa, ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, Allah ya karɓi ran yayana Malam Haladu. Bana shekara ashirin da biyar ke nan. Ana ta kaɗe-kaɗe a Birnin Kudu saboda sabuwar jiha, mu kuwa muna zaman makoki a ƙauyenmu da ke ƙasar Sundimina. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a mu watse, ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana na rubuta, da ajamina kamar yadda na saba, aka mayar mini da shi boko, domin wani nauyi da ya bar mini ya sauka daga wuyana.

Yaya ba babban malami ba ne, ba kuma mai sarauta ba. Manomi ne mai 'yan shanu, irinmu Fulanin da suka zauna wuri ɗaya har Hausa ta cinye harshensu. Abu guda aka san shi da shi. Idan aka yi rigimar iyakar gona shi ake kira shaida, daga nan har ƙauyukan Gwaram, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ni kaina ya taɓa kayar da ni a gaban mai unguwa a kan kunya biyu ta gyaɗa, muka dawo gida muka ci tuwo a kwano ɗaya.

A shekarar babban fari, wadda ta zo kusa da canjin kuɗi daga fam zuwa naira, mutanen arewa suka yi ta gangaro mana daga tsallaken iyaka. A cikinsu akwai Malam Bukar, Babarbare daga ƙasar Damagaram, da matarsa da 'ya'yansa da jaki guda wanda haƙarƙarinsa duk sun fito. A zaurenmu ya sauka. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Da Yaya ya ji ƙabilarsa sai ya yi hamdala, ya ce Allah ya kawo masa bawansa har gida. Bukar, da yunwarsa da komai, ya ce shi zuwa ya yi ya ga yadda bayinsa ke kula masa da shanu. Tun daga ranar ba su ƙara rabuwa ba.

Yaya ya yanka masa gona a fadamar da muka gada. A al'adarmu baƙo aro ake ba shi. Ya noma, ya ci, ya sayar, amma ba ya dasa itace, domin wanda ya dasa itace a gona shi ne mai ita. Bayan 'yan damina Yaya ya sayo dashen mangwaro a kasuwar Gwaram, ya kira mai unguwa da liman, ya miƙa wa Bukar a gabansu ya ce ya dasa da hannunsa. Ba a buƙaci ƙarin bayani ba. Gona ta zama ta Bukar.

Sai kuɗin mai ya cika ƙasa. Aka ce gwamnati za ta yi madatsar ruwa a fadamarmu don noman rani. Aka kafa allo, aka kawo katafila, aka ce ma'auna na tafe, za a biya diyyar kowace gona da kowane itace. Ana cikin haka muka ji a rediyo an ba baƙin da ba su da takarda wa'adi su fice daga ƙasa. Mun ɗauka zancen mutanen Ikko ne. Bukar ma dariya ya yi, ya ce in dai takarda ce, to duk ƙauyen nan za a kwashe, har da liman. Gaskiya ya faɗa. Babu ɗayanmu da ke da ita.

Amma akwai wani ɗan siyasa a yankinmu, ba zan ambaci sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, wanda ya haɗa maganganun nan biyu a kansa. Idan baƙo ya tafi, gonarsa ta rasa mai ita, diyya kuwa dole a rubuta ta da sunan wani. Sai ga shi da motar gwamnati da mutane masu kaki, aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Gidan baƙi na farko da aka tambaya, maƙwabta suka rantse a nan aka haife su, aka ƙyale su. Da aka zo kan Bukar, wanda gonarsa ta fi kowace itatuwa, ɗan siyasar ya ce ba ya son shaidar kowa sai ta mutum ɗaya.

“Malam Haladu, kowa ya san ba ka ƙarya. A ina aka haifi mutumin nan?”

Yaya ya juya ya dubi Bukar. Bukar na dubansa yana murmushi, kamar mai jiran a tsokane shi ya rama.

“A Damagaram,” in ji Yaya. “Amma…”

“Ya isa,” in ji mai kaki.

Sauran maganar Yaya ya faɗe ta, ina wurin. Ya ce mutumin nan ya shekara goma tare da mu, ya biya haraji lokacin da ake biya, ya ɗauki makarar mahaifiyarmu a kafaɗarsa. Ba wanda ya saurara. Kashegari da safe Bukar ya hau babbar mota da iyalinsa. Bai zagi kowa ba, bai kuma yi wasa ba. Yaya ya bi shi har tasha, ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya juya fuskarsa.

Na tambayi malamai da dama a kan wannan rana. Wasu sun ce halas ne a ɓoye wa azzalumi abin da zai cuci bawan Allah da shi. Wasu sun ce wanda ya faɗi gaskiya ba shi da laifi. Shi Yaya ba nan tunaninsa ya tsaya ba. Ya ce mini da ƙarya da gaskiya ba su kaɗai ba ne a gabansa, akwai shiru, amma bai tuna da shi ba. Ya saba duk inda aka kira shi shaida sai ya amsa, har bai san mai shaida na iya cewa ba zai bayar ba. Da gaskiyarsa aka yanka abokinsa, shi ya riƙe wuƙar.

Da ma'auna suka zo, wani yaron ɗan siyasar ya shiga gonar Bukar ya tsaya a matsayin mai ita. Sai suka tarar da Yaya zaune a gindin mangwaro. Ya ce musu tunda sun yarda da shi a kan inda aka haifi Bukar, to su yarda da shi a kan wanda ya dasa itatuwan nan. Suka ce ba a rubuta wa baƙo diyya. Aka ja shi gefe aka ce a sa sunansa shi, tunda asalin fadamar ta ubansa ce, in kuɗi ya fito a raba. Ya ce abin da ya bayar ya bayar, kuma dukiyar wanda ba ya nan amana ce. Suka tsallake gonar, suka ce katafila za ta share ta ba ko kwabo.

Katafila ba ta kai can ba. Kafin shekara ta zagayo sojoji suka karɓi mulki, aiki ya tsaya cik. Katafilar ta share gonakin wasu ta bar musu tsandauri, ta zauna a wurin awaki na kwana a inuwarta, har aka kwance ta ƙarfe ƙarfe. Allon gwamnati ya zama ƙyauren wani akurki. Diyyar gonakin waɗanda aka kora kuwa an biya, da sunayen mutanen da ba mu taɓa ji ba. Madatsar ruwa har yau ba mu gan ta ba.

Yaya ya ci gaba da noma gonar. Ya gina rumbu daban ya ce na Bukar ne. Idan hatsin ya kusa lalacewa sai ya fitar da zakka, ya sayar da sauran ya sayi karsana, har aka san wasu shanu a garkenmu da shanun Bukar. Duk kaka sai ya sa ni in rubuta saƙo a ba fataken da ke zuwa kasuwar kan iyaka, cewa gona na nan, a dawo, a yafe masa. Yawancin waɗanda aka kora sun lallaɓo sun dawo da abin ya lafa. Bukar bai dawo ba. Sau ɗaya ya aiko da amsa da baki, ya ce a gaya wa Haladu ai bai yi ƙarya ba, me za a yafe masa? Ranar Yaya bai ci abinci ba.

A ciwonsa na ajali ya riƙe hannuna ya ce babu abin da yake tsoro a kabari kamar haƙƙin Bukar. Ya ce, “Idi, gonar nan a wuyanka take. Ka nema mini yafiya.” Na nema. Fatake suka ce Bukar ya tashi daga garin da yake ya yi arewa, daga nan labarinsa ya yanke. Na ci gaba da noma gonar da kiwon shanun, ina tsufa, ina tunanin ni kuma wa zan bar wa.

Yanzu ma idan na kunna rediyo nakan ji ana ta zancen baƙin haure da rufe iyaka da katin shaida, sai in tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai ƙi a san mai shigowa ƙasa. Zamani ya canja, akwai masu shigowa da makami, ni ma ina so a tare su. Abin da ya gani da idonsa shi ne dokar da aka yi a birnin tarayya ba da ƙafarta take zuwa ƙauye ba, a hannun wani take zuwa, kuma sau da yawa wanin nan yana da gonar da yake hange. Mai ɗauke da makami ba ya tsayawa a ƙofar mai unguwa a tambaye shi inda aka haife shi. Mai mangwaro ne ke tsayawa. In da za a ji tawa, da an buɗe hanya ga wanda ya daɗe a cikinmu ya yi rajista a sarari, ba tare da an nemi na goro ba, a tambayi maƙwabtansa halinsa da sana'arsa kafin a tambayi mahaifarsa. Kuma da an daina biyan kuɗin aiki tun yana kan allo. Tsakanin nan da Yalwan Damai na san fanfunan da aka yi bikin buɗewa waɗanda ko ɗigo ba su taɓa zubarwa ba. Yaya da zai gan su, cewa zai yi katafilar ce ta haihu.

Bana bayan ƙaramar salla wani mai sayen shanu ya ce mini akwai wani tsoho Babarbare a asibiti a Birnin Kudu, an yi masa aikin ido, yana tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Haladu. Ban jira gari ya waye sau biyu ba. Na same shi kwance, an naɗe masa ido ɗaya, ɗansa na zaune kusa da shi. Na yi sallama.

“Wace murya ce wannan? Warin nono nake ji.”

“Ubangidanka ne ya zo duba bawansa,” na ce.

Ya yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta ce zai ɓalle ɗinkin. Daga baya ɗansa ya gaya mini akwai asibitocin da suka fi musu kusa, tsohon ne ya ce in ba nan ba sai dai ya zauna da makantarsa.

Da aka sallame shi muka tafi da shi ƙauye. Na kira mai unguwa da liman, 'ya'yan waɗanda suka shaida dashen farko. Ya shiga gonar yana dogara sanda, ya ɗora hannu a jikin mangwaron da yanzu mutum biyu ba sa iya rungumewa. Aka koro shanun aka ce nasa ne. Ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce shi a zatonsa saƙonnin nan duk dabara ce, ana so ya ce ya bar wa Haladu gonar don a ci ta da halas. Bai taɓa kawowa a ransa ajiye masa ake yi ba. Ya ce fushin ma bai wuce 'yan shekaru ba, da ya ji labarin rasuwar Haladu sai kunya ta maye gurbinsa, ita ce ta riƙe shi har ido ya tafi.

A gaban shaidu na miƙa masa gonarsa da shanunsa, ya karɓa. Ɗansa zai dawo ya zauna a kai. Mun fara nema masa takarda ta hanyar da ta dace, za mu ga ko za a ba shi ba tare da an miƙo hannu ba.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar suna a jikin wani allo ba. Ya bar gonar da ba tasa ba, a gyare, da garken da bai taɓa yanka ko ɗaya ba. Ya yi kuskure sau ɗaya da bakinsa, ya ƙare rayuwarsa yana gyara shi da fartanya. Ina fata Allah ya duba wannan.

Bayan la'asar Bukar ya ce a kai shi maƙabarta. Muka tsaya a kan kabarin, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sunkuya kamar mai magana da wanda ke kwance a tabarma.

“Haladu, na karɓi gonata. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, na daɗe a hanya.”

Ya juyo da idonsa mai gani ɗaya ya dube ni.

“Idi, yayanka ba ya nan, kai ne shaida. Ka shaida?”

Na ce na shaida.