Kawu ya tona mini asiri a wasan ƙarshe

"Hagu za ka yi? Kai, yi dama!"

Muryar kawuna ke nan a bayana, ana tsakiyar wasan ƙarshe na gasar jiragen sararin samaniya a gidan matasa na Filinge. 'Yan jiragen roba ne a kan tebur. Kowa yana zaɓen inda jirginsa zai juya a kan wani ɗan faifai, ya kife shi, sai a buɗe tare. Duk dabarar wasan tana cikin ɓoyewar nan. Wanda ya ci, shi zai je Yamai.

Na ce, "Kawu, asiri ne fa!"

Ya ce, "Asirin mi? Wurin dara duk wanda ya tsaya kallo yana sa baki. Ina gani za ka halaka in yi shiru? Mi zan ce ma uwakka?"

Na riga na kife nawa a hagu, amma abokin karawata, Idi, bai kife nasa ba tukuna. Ya yi murmushi, ya murɗa faifansa, ya tare ni a hagu, ya ragargaza babban jirgina.

Wannan kawun fa duk zamanin mulkin soja ko matarsa ba ta taɓa jin ra'ayinsa ba. Bakin da ya gagari sojoji, jirgin roba ya buɗe shi.

Muna hanyar gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai na ce maka dama."

Ku da kuke da irin kawuna, ina kuke ajiye shi ranar gasa?