Kwandon da Yaya Bawa Ya Ɗora Mini

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Gehuru, Allah ya jiƙansa. Wana ne, ciki ɗaya, kuma shi ne mutum na farko da ya dubi tsabar idona ya ce ban iya waƙa ba. Na yafe masa, amma fa sai da na ja rai.

Turawa ba su daɗe da zama ba aka zo ɗibar mutane aikin hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Maiyama. Aikin dole ne, ba mai tambayarka ko kana so. Ɗaukar tsakuwa a kwando tun hantsi har la'asar, da jan itatuwan da aka kayar. Mutum ɗaya kaɗai ake ɗauke wa kwando a kowane ayari, shi ne mawaƙi, wanda zai tsaya a inuwa yana ba ƙarti ƙarfi. Aka ba Yaya Bawa shugabancin ayarinmu, zaɓen mawaƙi kuma yana hannunsa. Da na ji haka ko gammo ban naɗa ba.

Ina da murya lokacin, ba yabon kai ba. In na ja ta a lambun albasa, matan Aliero sai su tsaya da kaya a ka. Abokin takarata kuwa Tunau ne, mutumin Sarandosa, mai murya kamar ana jan turmi a kan tsakuwa. Wallahi tausayinsa ma nake ji.

Yaya Bawa bai zauna gabanmu ba. Ya kwashi mutane ya tafi can bayan wata tsamiya, nesa, suka ba mu baya, ya ɗaga hannu ya ce in fara. Na zuba murya, na lanƙwasa ta, na karkaɗa, har ni kaina tsigar jikina ta tashi. Da na gama sai ya juya ga wani dattijon Bafillace da ke cikin ayarin ya ce, “Baffa, mi yac ce?”

Dattijon ya ce, “Daɗi kam akwai. Amma ban san ko kuka shikai ko kiran awaki ba.”

Tunau ya buɗe wannan maƙogwaro nasa. Tsuntsayen tsamiya suka watse, amma kowace kalma ta isa can ɗaya bayan ɗaya, har dattijon ya mayar da baitin bai rage komai ba. Yaya Bawa ya dawo ya miƙo mini kwando da hannunsa, ya ce, “Manu, kai kana tauna magana kana haɗiyewa, ka bar mu da romo. Ɗauka.”

Kai, na ji zafi! Kwana arba'in ina ɗaukar tsakuwa, har gashin tsakar kaina ya tafi, bai kuma dawo ba. Amma a cikin zafin ranar nan ne na gane abin da yake nufi, ko da yake ban faɗa ba. Waƙar Tunau ce ke gaya wa mutum ashirin lokacin da za su ɗaga gungume tare, kada ya murƙushe ƙafar wani. A cikinta yake sanar da mu mai bulala ya taso daga gabas, masu hutu su miƙe. Da ni ne a inuwar nan, da an sha daɗi an sha duka.

Na rama dai. Na shirya wa Yaya Bawa waƙar zambo mai baiti tara, na yi shekaru ina rera ta a gabansa, yana gyaɗa kai, don ba wanda ke gane abin da nake faɗi.

Yau in jikokina suka kunna rediyo, sai in ji murya zaƙwai, kiɗa ya danne magana, in tambaye su me aka ce, su ce ai Kaka daɗin ake ji. Nakan yi dariya ni kaɗai. Da Yaya Bawa na nan, da kwanduna sun yi tsada a kasuwar Jega.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Kunne ya bar mini, da wannan sanƙo. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa na zauna gefen tabarmarsa da hantsi, ya ce in yi masa waƙar nan tawa da yake ji kullum, amma in buɗe baki yadda ya kamata. Na so in kauce, ya hana. Na rera ta ina hawaye, kalma bayan kalma, zagi tara cif, ban haɗiye ko ɗaya ba.

Da na gama sai ya ce, “Baiti na huɗu ƙarya ne, ban taɓa satar albasar Inna ba. Amma da haka kay yi ran nan, Manu, da Tunau na ba kwandon.”