Sifirin Ɗin Kawu Sani

Har yau Larabar nan ba ta fita daga raina ba. Makarantarmu ta ce kowace ɗaliba ta yi mako biyu a wani wurin aiki, ni kuma kunyar neman wuri ta sa na bi ƙanen Ummata, Kawu Sani, zuwa garejin da yake babban makaniki a Dubai Investments Park. Aikina in riƙe waya in ɗauki bidiyon mota idan ana gwaji. Babu magana a cikin aikin, abin da ya yi mini daɗi ke nan.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce da ta girmi Umma, amma an sa mata injin da ke girgiza kofin shayi a kan tebur. Mai ita wani Balarabe ne mai shiga tsere. Ga wadda ba ta sani ba, motoci biyu ne ke jerawa, fitila ta kunna, su fizga a miƙe. Duk rigimar a tashin farko take. In tayar baya ta kama kwalta ka tafi, in ta tsaya juyi tana hayaƙi ka zama ɗan kallo.

Kawu ya shekara ashirin a Kano yana gyaran motocin da ke ɗauko hatsi zuwa Dawanau. A wurinsa maganin kowace a-kori-kura ɗaya ne, a ƙara mata sifirin, fallayen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin kaya a baya. Ya ƙara falle uku a kowane gefe, ya hau bayanta ya yi tsalle, ko gezau ba ta yi ba.

"Kin gani ko, Hafsatu? Dutse!"

Bayan la'asar aka kai ta filin gwaji. Direba ya taka. Motar ta hau tsalle a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, hayaƙi ya turnuƙe mu. Mudir, wato manajan garejin, ya cire tabarau.

"Habibi Sani, Asabar ce tseren. In ta yi wannan rawar a gaban jama'a, khalas, shi ke nan."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Bizar Kawu a hannun garejin take, kuma ta kusa ƙarewa.

A hanya Kawu ya zagi tayoyin, ya zagi kwaltar Dubai, ya ce direban da ƙafar jaki aka haife shi. Da muka koma ya ce in kawo wayar. Sau huɗu ya kalli bidiyon gwajin a hankali. Gaban motar bai ɗaga ba, bayanta bai sauka ko faɗin yatsa ba. Na lura ya daina tauna goron da ke bakinsa.

"Buhu arba'in motar nan take jira," ya ce. "Kuma babu mai loda mata."

"Kawu, to ko a..."

"Wa ya tambaye ki?"

Motar tsere nauyin kanta ne lodinta. Ana so a tashin farko ya koma baya ya danne taya. Alhamis da Juma'a Kawu ya cire fallayen nan shida, ya tura su ƙarƙashin benci ya rufe da kwali. Ya sassauta shakzoban gaba, masu tare girgiza, don hancin motar ya tashi da wuri. Ya ɗaura wa sifirin ɗin baya sandar ƙarfe mai hana shi murɗewa, ya mayar da batir baya, ya rage iskar taya. Abu ɗaya yake taɓawa, a gwada, in ɗauka, ya kalla, sannan ya taɓa na gaba.

Ranar Asabar fitila na kunnawa motar ta ɗaga hanci, ta zauna a kan tayoyinta, ta tafi. Ta yi nasara a zagaye biyu, aka fitar da ita a na uku, amma mai ita sai da ya rungume Kawu da baƙin man jikinsa. Mudir ya ce Kawu ya kawo fasfo ranar Litinin a sabunta biza, sannan ya tambaya, "To me ya faru ranar Laraba?"

"Gwaji ne, ya Mudir. Sai ka fara sanin abin da mota ba ta so."

Mudir ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Abin da na koya shi ne, makaniki ya fi yin kuskure a inda hannunsa ya fi sabawa, kuma zai kwance mota ya sake haɗa ta kafin ya ce ya yi kuskuren. A bas Kawu ya sa na goge bidiyon Laraba a gabansa. Na goge. Bai dai tambaye ni ko na riga na tura wa Umma ba.